Faifai na Uku

A wannan daminar Malam Isiyaku ya cika shekara goma sha biyar da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan. Ni ba marubuci ba ne. Sunana Sabo, gyaran rediyo da talabijin na yi duk tsawon rayuwata, kodayake a Suleja an fi sanina da Injiniya, sunan da mutanenmu ke liƙa wa duk wanda suka gani da sukudireba a aljihu. Kowace shekara in lokacin nan ya zagayo nakan je in gaida iyalinsa, in yi masa addu'a, in koma shago. Bana na ga hakan bai isa ba. Akwai wata magana tsakanina da shi da na riƙe kusan shekara talatin. Idona ya yi rauni, hannuna ya fara rawa, kuma ba na so in tarar da shi can maganar tana nan a bakina.

Malam Isiyaku malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare. Dogo ne, mai magana a hankali, irin mutanen da in ka tambaye su nisan kasuwa sai su gaya maka taku nawa ne. Tun muna firamare muke tare. Shi ya ci gaba da karatu, ni na kama sana'a, amma bai taɓa nuna mini bambancin ba. A farkon shekarun casa'in ƙanensa da ke karatu a Ingila ya zo masa da tsohuwar kwamfuta, irin ta gida, wadda yaran Turawa suka gama wasa da ita. Ba ta da gilashinta, da talabijin ake haɗa ta. Tana cin faifai mai kusurwa huɗu, ɗan ƙarami, wanda zai shiga aljihun riga. A unguwarmu ba wanda ya taɓa ganin irinta a ɗakin mutum, don haka ni da na haɗa mata waya na zama gwanin kwamfuta a idon jama'a, alhali abin da na sani a kanta bai wuce inda wuta ke shiga ba.

Lokacin ne gwamnati ta gama tarewa a Abuja. Ma'aikatan da ba su sami muhalli a can ba suka yi ta kwararowa Suleja neman haya, gonakin gefen gari suka fara zama filaye, filaye suka fara zama ɗakuna. Mahaifiyar Malam 'yar Iku ce, wani ƙauye a gefen Suleja, kuma ya ga abin da ke tafe. A Iku ba wanda ke da takardar gona. Iyaka tana cikin kan tsofaffi ne: daga wannan kaɗanyar zuwa wancan surin, daga surin zuwa dutsen da ya rabe biyu. Tsohon da kowa ya yarda da maganarsa a kan iyakoki shi ne Baba Dogo, kuma ƙafafunsa sun fara gajiya. Malam ya ce in tsohon nan ya tafi da abin da ke kansa, mai ƙarfi ne zai riƙa faɗin inda gona ta tsaya.

Rani biyu ya yi yana wannan aiki. Kowace Asabar sai ya hau babur ya tafi Iku, su bi gonaki da Baba Dogo a ƙafa, tsoho na nunawa, shi yana ƙirga taku yana rubutawa a littafin 'yan makaranta. Ran Lahadi ya zauna ya buga a kwamfuta da yatsa biyu. Aikin ya cika faifai uku. Na farko da na biyu na gonakin tudu ne, na uku ya rubuta masa "Bakin Rafi" a jiki. Littattafan kuwa, da ya gama bugawa sai ya bar su, matarsa Hajiya Rabi ta bai wa mai ƙosai ta naɗe kaya da su. Kada mai karatu na yau ya yi masa dariya. Gara ta taɓa cinye masa littafi guda, ruwan yoyo ya ɓata wani, don haka a wurinsa takarda ce abin tsoro. Yakan ce abin da ya shiga inji gara ba ta iya kai masa. Ni ma haka na ɗauka.

Shirinsa shi ne a buga rubutun a takarda mai kyau, a karanta a gaban mai unguwa da dattawa, Baba Dogo ya dangwala yatsa a kowane shafi. Sai matsala ta fito daga inda bai zata ba. Ya ɗauki faifai ya kai ofishin wani abokinsa a Abuja inda ake da injin buga takarda, kwamfutar can ta ƙi karantawa. Aka gwada ta biyu, ita ma ta ƙi. Faifan girmansu ɗaya da na ofis, ramin da ake sakawa ɗaya ne, amma kwamfutar gida da ta ofis kowacce da tsarin da take ajiye rubutu. Ya dawo ransa a ɓace, ya rubuta wa ƙanensa wasiƙa. Bayan wata uku, a tsakiyar damina, wani matafiyi ya kawo ɗan kwali. A ciki akwai kati, da faifai guda, da littafin bayani mai kauri da ƙananan haruffan Turanci.

Har yau ina ganin katin nan a tafin hannuna. Kore ne, bai kai faɗin hannu ba, da ƙafafu a ƙasansa kamar haƙoran mataji. Aikinsa shi ne ya sa kwamfutar gida ta riƙa yin halin ta ofis in an buƙata, ta koma halinta in an gama. Kafin a saka shi sai an kwance injin, an ciro ƙwaƙwalwarsa, wani dogon baƙin abu mai ƙafafu da yawa, an kafa katin a gurbinta, sannan a ɗora ta a kansa. In ƙafa ɗaya ta karye, injin ya mutu ke nan, kuma daga nan har Legas ba inda za ka sami wata. Na ɗaga ta da bakin sukudireba, gefe kaɗan, gefe kaɗan, gumi na ɗiga daga haɓata. Malam na tsaye a kaina yana riƙe da tocila duk da rana ce tsaka. Da na gama ban karya komai ba, na ji kaina ya kumbura, kuma wannan kumburin ne ya ja mini abin da ya biyo baya.

Muka kunna, ba abin da ya canza. Sai muka saka faifan da ya zo da katin. Injin ya yi ta gurnani, launukan da muka saba gani suka ɓace, talabijin ta yi baƙi, ga fararen haruffa a sama da wani ɗan layi yana ƙiftawa. Malam ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, Sabo, ga Abuja ta shigo ɗakina. Ashe haka take, ba fara'a."

Kwana uku muka yi muna gwada katin bayan la'asar, kuma gaskiya bai burge mu da farko ba. Yana da nawa. Ka danna harafi, sai ka ɗan jira kafin ya fito. Haruffan ƙanana ne, suna rawa a gilashin talabijin, in ka daɗe kana kallo idonka ya yi ruwa. Injin kuma ya riƙa ɗaukar zafi fiye da da, har na ɗora shi a kan bulo biyu na juyo masa fanka. Na ce wa Malam ƙanensa ya aiko mana da kayan da suka gaji. Shi bai yarda ba. Ya sa wa katin suna Tafinta, ya ce ai tafinta dole ya saurara tukuna kafin ya faɗa, ba a yi masa gaggawa. A wasiƙar da ya rubuta wa ƙanensa ya jera aibobin katin ɗaya bayan ɗaya, kamar yana gyara jarrabawar ɗalibi, a ƙarshe ya ce duk da haka yana da alamar zai yi abin da aka kawo shi ya yi. Abin da ya rage mu koya shi ne yadda za a kwashe rubutun iyakoki daga tsohon tsari zuwa sabon, na ofis. Ya ce wannan ba za mu taɓa shi ba sai ranar Asabar, in ya sami lokaci mun zauna mun karanta littafin bayanin tare.

Ranar Asabar ɗin Baba Dogo ya zo gari da kansa. Ya ji labarin akwatin da ke riƙe da maganarsa, ya ce sai ya gani. Maƙwabta suka taru a falon Malam, yawancinsu ma'aikatan Abuja masu haya a layinmu. Malam ya kunna injin a tsohon halinsa, ya saka faifai na uku, ya karanta wa tsohon iyakar gonar wata bazawara mai suna Asabe, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gona a bakin rafi da 'ya'ya mata huɗu. Daga kututturen ɗorawa, taku kaza zuwa jerin duwatsu, daga nan a miƙe har ruwa. Baba Dogo ya rufe ido yana gyaɗa kai. Da aka gama ya ce, "Haka yake. Akwatin nan bai ƙara ba, bai rage ba. Yanzu ko na kwanta, Asabe ta tsira."

Bai daɗe ba ya gaji, ya ce zai koma kafin ruwa ya sauko. Malam ya tashi yi masa rakiya. A bakin ƙofa ya jawo ni gefe, ya ce a hankali, "Sabo, kada a taɓa komai sai na dawo." Ba wanda ya ji sai ni.

Duk wanda ya san Malam ya san rakiyarsa. Ba ya tsayawa a ƙofar gida, ballantana ga dattijo. Sai ya kai shi tasha, ya samo masa kujerar gaba, ya tsaya har mota ta tashi. Hadari ya haɗu, kuma a wancan lokacin da zarar an yi walƙiya ake ɗauke wuta. Mutane suka fara gajiya da jira. Wani maƙwabci ya ce, "Haba Injiniya, kai fa ka haɗa abin nan. Nuna mana yadda yake juyewa ya zama na ofis mana, kafin su ɗauke wuta." Sauran suka ce ƙwarai kuwa.

A sana'armu akwai abu biyu da ba ma yi a lokacin. Ba ma karanta takarda, domin rediyon da ake kawo mana ba ta zuwa da takarda, da gwaji muke gano cuta. Kuma ba ma cewa "ban sani ba" a gaban mutane, domin wanda ya ji ka faɗa sau ɗaya gobe wani shagon zai kai kayansa. Na juya injin zuwa sabon halinsa, aka yi ta mamaki. Na mayar da faifai na uku ciki, ya ƙi karantawa. Na buɗe littafin da sauri, na ga wani shafi da ke bayanin yadda ake shirya faifai don sabon tsarin. Ban karanta shafin har ƙasa ba. Na kwafi haruffan da na gani, na danna. Injin ya yi mini tambaya, ban tsaya na duba me yake tambaya ba, na sake dannawa. Ya fara ƙara, tik, tik, tik, lambobi na hawa a talabijin. Da ya gama, faifan ya karɓu, mutane suka tafa mini. Ni kuma na tsaya ina murmushi.

Malam ya shigo rigarsa a jiƙe. Ya dubi talabijin, ya ciro faifan ya dubi rubutun da ke jikinsa. Ya mayar da injin tsohon halinsa ya saka, babu komai. Ya sake sakawa, babu komai. Ya ɗauki littafin, ya sauke yatsa zuwa ƙasan shafin da na bari a buɗe, inda aka rubuta da manyan haruffa cewa shirya faifai yana goge duk abin da ke cikinsa. Hanyar kwashe rubutu tana shafi na gaba. Ruwa na ta ƙara a kan kwano.

Sai ya ce, da muryar da kowa zai ji, "Laifina ne. Ni na ce masa ya shirya wanda ke ciki, na manta ban canza shi da sabo ba." Bai dube ni ba. Ni kuma na yi shiru, kuma shirun nan ne na zo in warware yau.

Washegari na same shi a gida na ce zan fita in faɗi gaskiya. Ya ce, "Ka faɗa wa wa? Faifan zai dawo ne? Kai da hannunka kake ci, Sabo. In aka ce hannunka na ɓata kaya, wa zai sake kawo maka rediyo? Ni albashina ba zai tsaya ba don an ce na yi wauta. Zauna mu karanta shafin nan." Muka zauna muka karanta, layi bayan layi. Tafinta ya yi aikinsa ba tare da ya zubar da harafi ɗaya ba. Faifai na farko da na biyu suka ƙetare, aka buga su a Abuja, aka karanta a gaban mai unguwa, Baba Dogo ya dangwala yatsa. Katin da na raina bai yi laifin komai ba.

Bakin rafi kuwa sai an sake daga farko. Amma damina ce, dawa ta rufe alamomi, rafi ya cika, kuma tsohon ba ya iya doguwar tafiya. Sau biyu Malam ya goya shi a babur, suka sami gonaki kaɗan na kusa da hanya. Gonar Asabe tana can ƙarshe, suka ce sai an yi girbi. Baba Dogo ya kwanta ciwo kafin girbin, bai tashi ba. Ba a yi shekara biyu ba maƙwabcin gonar Asabe ya sayar da tasa, mai saye ya kafa turakunsa har cikin fadamar da take noman kayan miya. Malam ya je ya tsaya a gaban dattawa ya ce ya tuna abin da tsohon ya faɗa. Aka ce masa tunawar mutumin gari ba shaida ba ce, ina takarda? Rabin gonar ya tafi, kuma rabin da ya fi albarka. Shekaru da yawa ana tsokanar Malam a majalisa, ana ce masa mai injin mantuwa. Yakan yi dariya tare da su, ni ina zaune a gefensa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Jikata na aika takarda daga wayarta zuwa kwamfutar makaranta, ba ta san an taɓa yin zamanin da inji biyu ba sa karanta faifan juna ba. Shagona babu rediyo, sai cajar waya da rimot. Na san abin da zai fi burge shi shi ne taswirar nan ta cikin waya da ke nuna gari daga sama. Da zai zauna ya yi ta jan Iku da yatsa har abinci ya huce. Zai ga kwano a jere inda kaɗanya take, zai nemi rafin ya ga ya zama siririn layi a bayan ɗakunan haya. Ina jin zai ce hoton ya yi kyau, amma bai faɗi wanda ya sare dajin ba. Wannan rubutun kuwa na tabbata ba zai so shi ba. Zai ce na tono abin da ya rufe da hannunsa. Ina roƙonsa gafara a kan wannan ma.

Makon jiya na je gaida Hajiya Rabi, na daure na gaya mata komai. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "Ai na sani, Malam Sabo. Ranar ya gaya mini, ya ce kada in buɗe baki muddin kana sana'a." Ta shiga ɗaki ta jawo kwamfutar daga ƙarƙashin gado, a naɗe cikin tsohon zane. Katin na nan a ciki inda na kafa shi. Faifai na uku na nan a leda, da rubutunsa a jiki. Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba. Kowace kaka Malam yakan ɗaura buhun dawa a babur ya kai wa Asabe, bai fasa ba har ta rasu. Nakan gan shi yana wucewa ta gaban shagona da buhun, nakan ɗaga masa hannu, ban taɓa tambayar inda za shi ba. Na zauna a tabarmar Hajiya na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'izarsa.

Abin da ya rage na Malam Isiyaku a duniya ba shi da yawa. Ɗaliban da ya koyar, da kwamfutar da ba za ta sake kunnuwa ba, da littafin iyakoki na Iku. An ce har yanzu in rigimar gona ta tashi a tudu akan ɗauko shi, kuma akwai gidajen da suka riƙe abin da iyayensu suka bar musu saboda shi. An yi ta kwafar littafin, yana hannun mutane da dama. A shafinsa na ƙarshe akwai kan magana da ke cewa "Bakin Rafi", da 'yan layuka kaɗan, sannan a ƙasa Malam ya rubuta: "Wannan ɓangare bai kammala ba, laifin marubuci ne."

Ina roƙon duk wanda ke da kwafin littafin nan, musamman 'ya'yan Asabe da jikokinta, ya buɗe shafin ƙarshe, ya ɗauki biro ya soke kalmar marubuci. A gurbinta ya rubuta Sabo mai rediyo.